Me ya sa 'yan Furitan suka riƙa jifan junansu da zargin maita? Tambayoyi da amsoshi

Takardun kotu, wa'azozin fastoci da littattafan taron gari na wancan zamani da yawa suna nan har yau, shi ya sa ake iya bin sawun wa ya zargi wa, da abin da ya haɗa su kafin zargin. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Su wane ne 'yan Furitan, kuma a ina abin ya faru?

Kiristoci ne 'yan Furotesta daga Ingila, masu ganin cocin ƙasarsu bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba. Daga 1630 dubbansu suka tsallaka tekun Atlantika suka kafa garuruwa a arewa maso gabashin Amurka ta yau, yankin da ake kira Sabuwar Ingila, musamman Massachusetts da Connecticut. Shekaru da dama sai cikakken ɗan coci ne ke da ƙuri'a a Massachusetts.

Abin ya fi ƙamari a Salem ta Massachusetts, kuma Salem biyu ce. Akwai garin Salem na bakin teku, na 'yan kasuwa da masu jiragen ruwa, akwai kuma ƙauyen Salem na manoma, wanda yau ake kira Danvers. A ƙauyen wutar ta tashi a farkon 1692. Kafin ta mutu an zargi mutum wajen 200, an rataye 19 (mata 14, maza 5), an danne tsoho Giles Corey da duwatsu har ya cika, wasu aƙalla biyar kuma suka mutu a kurkuku. Ba a ƙona kowa ba. Dokar Ingila rataya ta tanada.

Maitar da suke nufi irin wadda Bahaushe ya sani ce?

Akwai kama, akwai bambanci babba. A wajenmu ana cewa maye ƙanƙara gare shi a ciki, ko ya gada ko ya saya, yana kama kurwar mutum. A wajensu maye mutum ne da ya ƙulla alkawari da Shaiɗan, ya sa hannu a littafinsa, shi kuma ya ba shi dabbar aike: kare, kyanwa, ko ɗan tsuntsu ruwan ɗorawa mai tsotso a wani tabo a jikinsa. Laifin cin amanar Allah ne tun kafin a zo kan cutar da maƙwabci. Dokokin Massachusetts na 1641 sun sa shi cikin laifukan kisa, suna kafa hujja da littafin Fitowa 22:18.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne wajen yaɗuwar zargi. In maita alkawari ce, to ƙungiya ce, tana da littafin sunaye da wurin taro. Saboda haka duk wanda ya amsa laifi, tambaya ta gaba ita ce su wa ya gani a wurin.

A Salem aka fara?

A'a. An rataye Alse Young a Hartford ta Connecticut a 1647, sai Margaret Jones, mai ba da magani, a Boston a 1648, sai Ann Hibbins, matar wani marigayin alƙali, a 1656. Hartford ta yi nata ruɗanin a 1662 da 1663. A 1688 an rataye wata tsohuwa 'yar Ireland mai suna Glover a Boston kan zargin kama 'ya'yan wani magini.

Amma duk waɗanda aka kashe a Sabuwar Ingila cikin shekara 45 kafin Salem ba su kai 20 ba. Yawancin ƙararraki sun watse, wasu waɗanda aka zarga ma sun kai ƙarar ɓata suna sun yi nasara. Don haka tambayoyi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su: me ke sa maƙwabci ya yi zargi, da me ya sa hukuma ta karɓa hannu bibbiyu a 1692.

Ta yaya zargi ke farawa tsakanin maƙwabta?

Kusan hanya ɗaya yake bi. Mace ta zo roƙon madara, taba ko masauki, ko kuwa a yi cacar baki kan iyakar gona ko aladen da ya shiga shuka. A hana ta. Ta tafi tana gunaguni. Bayan kwana biyu saniya ta faɗi, ko a kaɗa nono man ya ƙi haɗuwa, ko giyar da aka dafa ta lalace, ko yaro ya kwanta. Mai gida ya tuna gunagunin nan. Ba ya zuwa kotu nan take. Maganar takan yi shekaru tana yawo a bakin mata da maza, sai ranar da wani ya fara kai ƙara, kowa ya kawo tasa. A shari'ar Bridget Bishop an kawo labaran da suka haura shekara goma.

Sarah Good, ɗaya daga cikin mata ukun da aka fara kamawa ranar 29 ga Fabrairu 1692, bara take gida-gida da 'yarta ƙarama, kuma abin da aka fi riƙe mata shi ne gunagunin da take yi in ta bar ƙofar mutane. Martha Carrier ta garin Andover kuwa rigimar fili ce ta haɗa ta da Benjamin Abbot. Ya shaida cewa ta ce za ta manne masa kamar ɓawo a jikin itace, sai ƙafarsa ta kumbura, maruru ya fito masa a gefen ciki aka yi ta tsagawa, bai fara samun sauƙi ba sai da aka kama ta. Dama garin na riƙe da ita a zuci tun 1690, lokacin da aka ɗora wa gidanta alhakin shigo da agana.

Masana tarihin Ingila, Keith Thomas da Alan Macfarlane, sun lura da wani abu a nan: sau da yawa mai zargin shi ne wanda ya yi rowar. Addininsa ya ce ya taimaki maƙwabci, bai taimaka ba, zuciyarsa na cizonsa, sai musiba ta zo ta ba shi damar mayar da laifin kan wadda ya kora.

Me ya sa mata suka fi yawa?

Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka zarga a Sabuwar Ingila mata ne, mazan kuma da yawansu mijin wadda aka zarga ne ko ɗanta. Fastoci na koyar da cewa ran mace da na namiji ɗaya ne a wurin Allah, amma jikinta ya fi rauni, don haka Shaiɗan ya fi samun ƙofa. Sannan aikin mata ne jinya, karɓar haihuwa, tatsar shanu da dafa giya, wato wuraren da abu ke lalacewa ba a san dalili ba.

Masaniyar tarihi Carol Karlsen ta ƙara wani dalili: macen da ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗa, dukiya ta faɗo hannunta, ta fi shiga haɗari. Katherine Harrison ta Wethersfield misali ce. Mijinta ya mutu ya bar mata dukiya mai yawa da 'ya'ya mata zalla, ba a jima ba aka gurfanar da ita a 1669. Sarah Osborne ta Salem ta auri baranta bayan rasuwar mijinta, ta riƙe gonar da aka bar wa 'ya'yanta maza, dangin mijin kuwa surukan gidan Putnam ne.

Ana cewa rigimar fasto ce tushen abin. Gaskiya ne?

Tana da babban kaso. Ƙauyen Salem ya cinye fastoci uku kafin Samuel Parris: James Bayley, George Burroughs da Deodat Lawson, kowanne ya tafi da ɓacin rai. Burroughs har kama shi aka sa aka yi a 1683 kan bashin da gidan Putnam ke bin sa. Ƙauyen ya rabu biyu. Gidan Putnam na son cikakken 'yanci daga garin Salem da cocin kansu. Gidan Porter, masu hulɗar kasuwanci da gari, ba su matsu ba. Akwai kuma ciwon gado: mahaifin Thomas Putnam ya mutu a 1686 ya bar mafi kyan dukiyarsa ga Joseph, ɗan amarya, Joseph kuma ya auri 'yar gidan Porter.

Parris, tsohon ɗan kasuwa daga Barbados, ya karɓi cocin a 1689 kan albashin fam 66 a shekara, kashi ɗaya cikin uku kuɗi, sauran kayan abinci. Aka yi ta ja-in-ja kan itacen hura wuta da kan mallakar gidan fasto. A Oktoba 1691 masu adawa da shi suka karɓe kwamitin ƙauye suka ƙi tara harajin albashinsa. A Nuwamba yana kukan itacensa ba zai kai gobe ba, ga hunturu ya kawo jiki. Wa'azinsa ya koma na Shaiɗan ya kewaye coci. Wata biyu bayan haka 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan'uwansa Abigail Williams mai 11 suka fara faɗuwa suna ihu. Gida na gaba da abin ya shiga gidan Thomas Putnam ne, babban mai mara masa baya, kuma shi ya rubuta ƙorafe-ƙorafe da shaidu masu yawan gaske.

Masana tarihi Paul Boyer da Stephen Nissenbaum sun zana taswira a 1974 suka nuna masu zargi a yamma, waɗanda ake zargi a gabas kusa da gari. Daga baya Benjamin Ray ya sake duba gidajen ya ga rabon bai kai haka tsafta ba. Kuma rigimar ƙauye ɗaya ba ta isa ta bayyana Andover ba, inda aka zargi mutum fiye da 40, alhali yaran ba su ma san yawancinsu ba.

Ba don a ƙwace gonaki aka yi ba?

Mai zargi ba ya samun gonar wanda aka rataye. Jami'in da ke aiwatar da hukunci, George Corwin, ya kwashe shanu, hatsi da kayan gida na wasu, ciki har da na John Proctor da attajiri Philip English, amma da sunan hukuma. Abin da ake iya cewa shi ne tsohuwar gaba kan fili ta sa sunan wasu ya zo baki da sauƙi. Rebecca Nurse, Mary Easty da Sarah Cloyce 'yan uwa ɗaya ne daga gidan Towne, masu daɗaɗɗiyar rigimar iyaka da gidan Putnam a ɓangaren Topsfield. An rataye biyu daga cikinsu.

Mene ne haɗin yaƙi da maita?

A 1675 da 1676 an gwabza da 'yan asalin ƙasar, garuruwa da dama suka ƙone. Daga 1688 yaƙi ya sake ɓarkewa a Maine da ƙabilun Wabanaki da Faransawan Kanada. Harin da aka kai Quebec a 1690 ya watse ya bar bashi, har Massachusetts ta fara buga takardar kuɗi. A Janairu 1692, daidai lokacin da yaran gidan Parris suka fara, aka afka wa garin York aka kashe mutane da dama har da fastonsu.

'Yan gudun hijira sun cika yankin Salem. Mercy Lewis, baranyar gidan Putnam kuma ɗaya daga cikin manyan masu zargi, marainiyar wannan yaƙi ce, ta taɓa zama a gidan Burroughs a Maine. Ita da 'yar gidan Putnam, Ann ƙarama, suka nuna shi a matsayin shugaban mayu. An zargi kyaftin John Alden da sayar wa abokan gaba albarushi a cikin zargin maitar kansa. Masaniyar tarihi Mary Beth Norton ta nuna cewa wasu alƙalan suna cikin shugabannin da yaƙin ya lalace a hannunsu, kuma ya fi musu daɗi a ce Shaiɗan ne ya haɗa kai da maƙiya.

Ina gwamnati take a lokacin?

Kusan babu. Ingila ta soke takardar mulkin Massachusetts a 1684, ta turo gwamna Edmund Andros, mutanen Boston suka tumɓuke shi a 1689. Sabon gwamna William Phips bai iso da sabuwar takarda ba sai tsakiyar Mayu 1692. Wata biyu da rabi ana kama mutane ana tarawa, babu kotun da za ta yanke hukunci. Da ya tarar da kurkuku a cike, sai ya kafa kotu ta musamman ranar 27 ga Mayu, ya ɗora William Stoughton a kai.

Ba wata cuta ce ta kama yaran ba?

A 1976 Linnda Caporael ta kawo bayanin cewa wata cuta ce mai kama hatsin rai, dangin alkama da suke burodi da shi, kamar yadda ɓurtuntuna ke kama dawa. Wanda ya ci garin yakan yi farfaɗiya da gane-gane. Bayanin ya yi farin jini, sai dai a shekarar Nicholas Spanos da Jack Gottlieb suka rushe shi. Gida ɗaya burodi ɗaya ake ci, me ya sa bai kama kowa ba? Mai wannan guba yana amai da gudawa, yana ramewa, wasu su mutu. Yaran nan kuwa lafiyarsu ƙalau tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Guba kuma ba ta jiran wanda ake tuhuma ya ɗaga kai kafin ta taso. An kawo cutar kumburin ƙwaƙwalwa, an kawo tsananin sanyin shekarun. Sanyi da ƙarancin amfanin gona sun ƙara ƙunci, amma ba su zaɓi sunan kowa ba.

To ƙarya suke yi kenan?

Ba duka ba, ba kuma daga farko ba. Yarinya 'yar shekara tara da ke jin mahaifinta kullum yana cewa Shaiɗan na bakin ƙofa tana iya firgita har jikinta ya sandare da gaske, kuma irin wannan yakan yaɗu tsakanin yara. Likita ya duba ya ce ba ciwon magani ba ne. Wata maƙwabciya, Mary Sibley, ta sa aka kwaɓa gari da fitsarin yaran aka gasa aka ba kare don a gano mai hannu. Daga nan manya suka tsare su da tambayar wa ke cutar ku, har suna kawo musu sunaye.

Amma akwai inda aka kama ha'inci. Robert Calef, ɗan kasuwar Boston, ya rubuta cewa a shari'ar Sarah Good wata yarinya ta fito da guntun wuƙa ta ce da shi kurwar Sarah ta soke ta. Wani saurayi ya taso da sauran wuƙar ya ce tasa ce, jiya ta karye a gabanta. Alƙalai suka ce ta daina ƙarya, suka ci gaba da sauraron ta. Mary Warren, baranyar John Proctor, ta yi ƙoƙarin janyewa ta ce sauran shiri suke yi. Nan take suka ce ita ma mayya ce, aka kulle ta, ta dawo sahu. Da yawa daga cikin masu faɗuwar barori ne da marayu waɗanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsu a kan komai ba, sai ga alƙalai suna rubuta duk abin da ya fito bakinsu.

Tituba ce ta koya musu tsafi?

Babu wannan a takardun 1692. Marubutan baya ne suka ƙawata labarin. Baiwar Parris ce, ɗaya daga cikin mata ukun da aka fara kamawa, takardun na kiranta Ba'indiya, wato 'yar asalin nahiyar Amurka. Rawar da ta taka ita ce amsa laifi ranar 1 ga Maris da kwanakin da suka biyo, inda ta ce ta ga littafi mai alamomi tara. Uku aka kama, saura shida kenan a sake. Daga baya ta ce ubangidanta ne ya doke ta.

Wace irin hujja kotu ta karɓa?

Nan ne gizo ke saƙar. Dokarsu ta ce sai da amsa laifi ko shaidu biyu. Kotun Stoughton ta karɓi shaidar kurwa: yarinya ta ce siffar wance ta zo ta shaƙe ta, ba wanda ya gani sai ita. Ba a iya kare kai daga wannan, don ko mutum goma sun rantse kina gida, za a ce jikinki ne a gida. An yi gwajin taɓawa: in mai faɗuwa ta lafa da wadda ake zargi ta taɓa ta, laifi ya tabbata, kusan yadda akan tilasta wa wadda aka kira mayya a ƙasar Hausa ta tsallake majinyaci. A Andover an rufe wa mutane ido aka jera su aka yi musu haka. An tuɓe mata ana neman tabo. An sa mutum ya karanta Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, in ya yi tuntuɓe shi ke nan; Burroughs ya karanta ta tsaf a gindin igiya, aka rataye shi duk da haka.

Rebecca Nurse, mai shekara 71, maƙwabta 39 suka sa hannu kan kyan halinta, masu yanke hukunci 12 suka wanke ta. Yaran suka ɓarke da ihu, Stoughton ya ce a koma a duba wata kalma da ta faɗa. Aka tambaye ta, kunnenta ba ya ji sosai, ba ta amsa ba. An rataye ta ranar 19 ga Yuli.

A gwada da wasu wurare. A Groton a 1671 baranya Elizabeth Knapp ta yi irin wannan faɗuwa ta ambaci wata maƙwabciya; fasto Samuel Willard bai kai maganar kotu ba, sai maganar ta mutu a nan. A Stamford ta Connecticut, a cikin 1692 ɗin, wata baranya ta zargi mata da dama. Hukuma ta tsaya kan shaidu biyu a kan abu ɗaya, ba a kashe kowa ba. Addini ɗaya, shekara ɗaya, tsoro ɗaya. A ganinmu nan ne amsar tambaya ta biyu take, wato me ya sa hukuma ta karɓi zargin a Salem.

Me ya sa fiye da mutum 50 suka amsa laifin da ba su yi ba?

Sun ga waɗanda suka musa ne ake ratayewa, masu amsawa ana ajiye su don su ba da shaida. An hana wasu barci, an tsayar da su sa'o'i. John Proctor ya rubuto daga kurkuku cewa an ɗaure 'ya'yan Martha Carrier wuya da dugadugai har jini ya kusa fita ta hanci. Mazaje sun roƙi matansu su amsa don su tsira. Wasu kuma tarbiyyar binciken zuciya ce ta ci su: an saba musu ganin kansu masu zunubi, da aka matsa sai suka fara shakkar kansu. Samuel Wardwell ya amsa, ya janye, aka rataye shi ranar 22 ga Satumba.

Fastoci ne suka rura wutar?

Parris ya rura. Fasto Cotton Mather ya yaɗa labarin 'ya'yan maginin nan na Boston a 1689, ya kuma kare alƙalan daga baya. Amma wasiƙar da fastocin Boston suka aika a tsakiyar Yuni ta gargaɗi kotu cewa Shaiɗan na iya ɗaukar siffar mutumin kirki. Matsalar ita ce sun rufe ta da kiran a gaggauta hukunta masu laifi, alƙalai suka ɗauki ƙarshen suka bar tsakiyar. Alƙali ɗaya, Nathaniel Saltonstall, ya ajiye aikin bayan ratayar farko.

Me ya kashe wutar?

Zargi ya fara hawa sama, yana taɓa attajirai da matan manya. A farkon Oktoba Increase Mather, mahaifin Cotton, ya gabatar wa fastoci hujjar cewa gara mayu goma su kuɓuta da a kashe marar laifi ɗaya. Phips ya rushe kotun a ƙarshen watan. Sabuwar kotu ta zauna a Janairu 1693 ba tare da dogaro da shaidar kurwa ba. Uku kacal ta samu da laifi, gwamna ya dakatar da kisansu.

Fita kurkuku ma sai da kuɗi, don fursuna ke biyan abincinsa da sarƙarsa. An wanke Lydia Dustin, ta kasa biya, ta mutu a ciki a Maris 1693. Dorothy Good, 'yar Sarah mai shekara 4, ta yi watanni cikin sarƙa, mahaifinta ya ce hankalinta bai dawo daidai ba. A Janairu 1697 alƙali Samuel Sewall ya tsaya a coci aka karanta takardar neman gafararsa. Stoughton bai taɓa yin haka ba. Ann Putnam ƙarama ta nemi gafara a 1706. A 1711 aka wanke sunayen wasu aka raba diyyar fam 578. Sunan Elizabeth Johnson ƙarama, ɗaya daga cikin ukun da aka samu da laifi a 1693, bai shiga jerin ba sai a 2022.